Tsohuwar Bakin Ƙofa

Wani sashe na wannan labari ya zube mini a hanya, kamar yadda abubuwa ke zube wa tsoho. Na manta sunan jaridar, na manta ko da damina aka yi abin ko da rani. Abin da ya saura a kaina shi zan faɗa.

Wata yarinya ce da ake kira Amarya a gidan mijinta, ko da yake amarcin ya daɗe da wucewa. Mijin direban babbar mota ne, yakan yi makonni a kan hanya. Ita kuwa tana ɗakin ƙarshe na gidan iyayensa, ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta, da gado, da teburin guga da ta mayar na rubutu. Sauran mutanen gidan su ne Inna, mahaifiyar mijin, da yayarsa wadda kowa ke ce wa Anti. Ba mai zagin Amarya, ba kuma mai zama ya yi hira da ita.

Jarida ce abokiyar hirarta. Duk ƙarshen mako akwai shafin da ake koyar da masu son rubuta littafin labari: yadda ake buɗe labari, yadda ake sa mutane magana, inda ya kamata babi ya tsaya. Takan yanke shafin da almakashi, ta yi aikin da aka bayar kamar gobe za a duba mata.

Da mijin ya dawo daga wata tafiya ya ga takardu sun cika teburin, sai ya karɓi wayarta ya zauna a bakin gado yana ta latse-latse.

"Malama marubuciya, ga shi na buɗe miki shafi a intanet. Duk babin da kika gama ki ɗora, in muna jiran lodi in karanta."

"Kai da ko takardar magani ba ka karantawa?"

"Ai takardar magani ba ke kika rubuta ba."

"To in mutane suka gani fa?"

"Wa ya san da ke? Ni kaɗai ne kwastomanki."

Haka aka yi. Ta ɗora babi, ya karanta a wani gari mai nisa, ya rubuta a ƙasa: "Wannan saurayin naki rago ne, ki ba shi aikin yi." Ita kuma ta yi ta dariya ita kaɗai a ɗaki.

Sai wani mako darasin ya zo a kan mugun cikin labari. Mai koyarwar ya ce kada a ƙirƙiro mutum daga iska, a dubi wani na kusa, a ɗauki ɗabi'arsa guda ɗaya a yi gini a kanta. Amarya ta ɗaga labule ta duba. Ga Inna can kan kujerar roba a bakin ƙofar gida, inda take wuni kullum, tana tare duk mai fita da tambaya: ina za ka, wajen wa, yaushe za ka dawo? Ko shago Amarya za ta, sai ta amsa duka ukun. Ta koma teburinta ta rubuta wata tsohuwa mai farar kujerar roba, ta sa mata tambayoyin nan a baki, ta ce ta mayar da gidan ɗanta kurkuku don ba ta son ganin farin cikin kowa. Babin ya yi daɗi ƙwarai, har waɗanda ba ta sani ba suka fara tura wa juna.

Ta haka ya iso wayar Anti.

Da la'asar Anti ta tsaya a tsakar gida ta karanta shi da ƙarfi, tana jan kowace kalma.

"Kin ji, Inna? Har kujerarki ta sa. Mu muna nan muna cewa baiwar Allah ba ta da magana, ashe duniya take gaya wa."

"Anti, wallahi labari ne kawai, darasin ne ya ce..."

"Darasin ne ya aure ki?"

Inna ta miƙe. Ta ɗauki kujerarta ta shige ɗaki. Washegari Amarya ta fita sayen sabulu, ba wanda ya tambaye ta inda za ta. Ta yi zaton za ta ji sakewa, amma sai ta tsaya a bakin titi ta rasa abin da ke damunta.

Ta kira mijin. Muryarsa ta zo a gajiye, ga ƙarar motoci a bayansa.

"Anti ta ce in goge shafin, tunda fasuwod ɗin yana hannuna. Kawuna kuma ya ce abin ya wuce shafi."

"Kai me ka ce?"

"Na karanta babin kafin su. Na gane Inna ce tun layin farko, na kasa rubuta miki komai. Ba zan goge ba. Amma uwata ce. Ke kika yi, ke za ki san yadda za ki yi."

Daga nan bai sake kira ba. Kwanaki suka yi ta wucewa. Anti takan ajiye mata abinci a bakin ƙofa ba sallama. Jaridar mako ta zo, Amarya ba ta buɗe ba. Takan zauna ta zuba wa bangon maƙwabta ido, ta duba waya, ta kife ta, hawaye na sauka. Sau da yawa ta kai yatsa za ta goge babin, sai ta ga ko ta goge, Inna ta riga ta ji, kuma auren nata yana rataye ne a kan abin da Inna ta ji.

Wata safiya ta yi sallama a ƙofar Inna, ta durƙusa.

"Inna, na yi laifi. Ban zo kare kaina ba."

Tsohuwar ta dube ta.

"Tsohuwar nan taki, kin ce ba ta son farin cikin kowa. Kin tambaye ta?"

"A'a, Inna."

"Baban mijinki da safe ya fita, ina wanki. Na ji ƙarar ƙofa, ban ko ɗago kai ba. Da bai dawo ba aka ce mini, ina ya ce za shi? Ban sani ba. Wajen wa? Ban sani ba. Muka bi asibitoci, muka bi tashoshi. Da muka same shi an riga an rufe masa fuska, mota ce ta buge shi a unguwar da ba wanda ya yi tunanin dubawa. Ya daɗe yana numfashi, in ji su." Ta gyara ɗankwalinta. "Sai ga ɗansa ya tashi ya ce shi tuƙi zai yi."

Amarya ta kifa kai a gwiwar Inna tana kuka. Ashe su biyun mutum ɗaya suke jira, kowa a ɗakinta.

"Zan goge, Inna. Duka zan goge."

"Ki goge ki bar ni a bakin mutane a muguwa? Ki koma ki ba ta dalilinta. Kuma kujerar ba fara ba ce, shuɗiya ce, ko wannan ba ki gani ba."

Ta rubuta sabon babi, ta karanta wa Inna shi kafin ta ɗora, Anti na jin su daga bakin taga tana yi kamar shara take. Ranar da aka ɗora, kafin azahar, saƙon mijin ya fito a ƙasa: "Ki ce wa tsohuwar labarin, direba yana hanya, zai iso jibi in Allah ya so." Amarya ta fita da gudu ba takalmi ta kai wa Inna.

Yara masu son rubutu, jarida za ta koya muku kallon mutum, amma tambayarsa sai ku koya da kanku. Wanda ya ari fuskar wani, to ya nemi sanin abin da ke zuciyarsa. Wanda kuma ya yi kuskure ya haƙura ya durƙusa, yakan sami fiye da abin da ya rasa.

Abu ɗaya na daɗe ina shakka a kai, ko an gaya mini ne ko ni na ƙara. Daga baya na haɗu da kawun mijin a wajen wani ɗaurin aure, na tambaye shi, ya tabbatar mini. A kwanakin shirun nan ya bi mijin Amarya har garejin da suke lodi, ya miƙa masa biro da takarda ya ce ya rubuta mata saki. Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya mayar masa a aljihu, ya ce, "Kawu, a yi haƙuri. Marubuci ɗaya ya ishe mu a gidan nan."