Dariyar da Auta Ba Ta Ji Ba

"Wallahi ba zan je ba!" in ji Auta, tana ture tikitin da ya ajiye mata a kan keken ɗinki.

Injiniya ya yi murmushi, ya gyara abin sauraron da kullum ke rataye a wuyansa. Shi ne mai haɗa sauti a fim ɗin barkwancin nan da gari ya ɗauka, wanda aka yi wa masu mulki tsiya son rai. Shi ne kuma wanda ya kusa zama mijinta.

"Haba sanyin idona... sau ɗaya tak. Kowa ya san ba za a bar shi ya daɗe a silima ba."

"Shi ya sa ma! Ka manta inda Abba ke aiki? Hukumar tace finafinai fa! An ce akwai masu ɗaukar hoton duk wanda ya shiga. A ga 'yarsa a layi yana gab da ritaya, me kake so a yi masa?"

"Ki sa takunkumin fuska, ki zauna can baya."

"Ni? Da wannan dariyar tawa?"

Nan kam ta yi gaskiya. Dariyar Auta ba ta ɓuya. Takan fara a hankali, ta yi sama, sannan ta ƙare da wata 'yar shaƙuwa da ke sa na kusa ma su fashe. Ita ce ta haɗa su. Gyaran wando ya kawo, ya ji ta, ya tafi ya bar wandon. Tun daga nan ba ya rabo da miƙo mata na'urarsa ta ɗaukar sauti in tana dariya, tana dukan hannunsa da tef ɗin awo.

"Akwai abin da na ajiye miki a ciki," ya ce a hankali.

"Faɗa mini a nan."

"In na faɗa ya lalace."

"To riƙe kayanka! Ku ku yi wasa da wuta, mu mu kwashe toka. Kai da ba ka tashi da uba ba, ina za ka san..."

Ta toshe bakinta, amma magana zarar bunu ce. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya fita ya bar tikitin a inda yake.

Ranar da ke kan tikitin, da yamma, har ta yi kwalliya ta ɗauki jaka. Ba fim ɗin ne ya dame ta ba, haƙuri take so ta ba shi. A falo ta tarar da Abba, ya sauke tabarau ya dube ta.

"Auta, ban taɓa hana ki abu don son raina ba. Kada ki je."

Ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Waya ta yi ta ruri, ta kife ta. Ta ce wa kanta ai gobe ma rana ce.

Washegari aka rufe silimar, aka kwashe fim ɗin, aka shiga neman duk mai hannu a ciki. Yayar Injiniya ce ta zo shago ido jawur, ta ce ya gudu ya tsallaka iyakar ƙasa, maganar aure kuma sai abin da hali ya yi.

"Ya tsaya a bakin ƙofar silima har aka kashe fitila, ƙanwata... ke yake jira."

Lambarsa ba ta ƙara shiga ba.

Auta ta ci gaba da ɗinki, tana ci tana sha, amma gidan ya yi tsit. Umma takan jefo zance don ta tsokane ta, sai dai ta samu guntun murmushi. Kewa da nadama suka haɗu suka cinye ta, ta rame har tana rage wa kanta riguna.

Bayan Abba ya yi ritaya, wata safiya ya zo shagon da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki yana jujjuya hularsa.

"Uwata, na kalli fim ɗin nan kafin kowa. Aikina ke nan."

Ta tsayar da keken.

"Akwai wurin da shugaban ya hau mumbari zai yi alƙawari, kujerar da ya ƙi rabuwa da ita ta maƙale masa a baya. Taro ya yi shiru don tsoro. Sai wata mace daga can nesa ta fashe da dariya... har da shaƙuwar. Daga ita kowa ya kama."

"Abba..."

"Ni na haife ki, zan kasa gane muryarki? Yaron nan ya ɗauki dariyarki ya sa, soyayya ta rufe masa ido bai hango haɗarin ba. Da kin shiga silimar nan kin yi irinta, da 'yan leƙen asirin da ke zaune a ciki sun gane mai ita. Ba aikina na ji wa tsoro ba, ke ce."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Da ko wayarsa na ɗauka!"

"Na ji tsoron in kin sani sai kin je. Na yi kuskure, uwata. Ki yafe mini."

Ta jawo aljihun keken, ta fito da tikitin da ya koɗe. Fim ɗin yana kulle inda ba mai sake ganinsa, wanda ya haɗa sautin kuma yana inda ba ta sani ba, da maganarta ta ƙarshe a kunnensa.

"Abba... ta yi daɗi? Dariyar?"

"Ni kaina sai da na wayance da tari a gaban shugabanmu. Haka ta yi, ji..."

Dattijon ya gyara zama, ya buɗe baki ya gwada. Wani irin ƙara ya fito kamar ƙofar da ta yi tsatsa, ya biyo shi da shaƙuwar ƙarya.

Auta ba ta san lokacin da dariyar ta ƙwace mata ba. Ta fara a hankali, ta yi sama, ta kai shaƙuwar. Sai ta ɗago hannu da tef ɗin awo don ta ture na'urar da aka saba miƙo mata.

Babu kowa a wurin. Ta kifa kai a kan keken, ta fashe da kuka.