Ƙotar da Ta Karye a Wuya

Duba lasisin bindigogi ne ya kawo Sufeto Funaki ƙauyen Tokonai. Bai gama shan shayin maraba ba, dusar ƙanƙara ta gangaro daga dutse ta toshe hanya ɗaya tilo da ke fita garin, ta tafi har da turakun waya. Washegari da hantsi aka sauko da gawar Genzo, shugaban maharba.

Beyar, ƙatuwar dabbar dajin dutsen, ita ce ta kashe shi a wurin farauta. Ƙaninsa Isamu, babban masu koro dabba zuwa gaban maharbi, shi ya kawo rahoto, ya ajiye bindigar a gaban Sufeto, ƙotarta ta rabu biyu a daidai wuya.

"Na koro ta har gabansa, yallaɓai, kamar kullum. Yana harbawa ƙotar ta karye, harsashin ya yi sama. Kafin ya gyara tsayuwa ta cim masa."

"Sabuwar ƙota ce?"

"Fitarta ta farko ke nan. Aikin Tokuji ne."

"Wa ya karɓo ta daga wurinsa?"

"Ni. Ina karɓa na miƙa wa Yaya."

A ƙofar Tokuji masassaƙi, maharba sun yi cirko-cirko. Wani ya riga ya fasa taga.

"Fito, mai sassaƙa cokali!" in ji wani. "Fito ka ga aikinka!"

"Ana binne Genzo za mu dawo da kananzir," in ji wani dattijo, ko ɗaga murya bai yi ba.

Sufeto ya ratsa su ya shiga. Ba shi da mota, ba shi da ɗan sanda ko ɗaya, ba shi da inda zai kai mutum ya ɓoye. Jana'iza kuma gobe ce.

Tokuji na zaune a ƙasa cikin ɓawon ice, da alama tun safe bai motsa ba. Sufeto ya zauna kusa da shi, ya miƙa masa guntayen ƙotar. Mutum ne mai iya jira.

Tokuji ya daɗe yana juya su kusa da taga.

"Hannuna ne ya sassaƙa ta," in ji shi. "Amma ba ita na ba shi ba."

"Yi mini bayani."

"Dubi jijiyar icen. Ƙota mai ƙarfi, jijiyar takan bi wuyan ta miƙe har gindi. Wannan ta karkace ta fice ta gefe. Ban gani ba sai da na shafa mai, bayan na gama ta tsaf a kan awon Genzo. Na ƙwanƙwasa ta, ƙararta ta mutu. Sai na sake masa wata daga ice guda, na bishiyar kurumi, kamar tagwaye suke."

"Ita ta farkon ka ƙona ta?"

Tokuji ya dube shi kamar ya yi saɓo. "Icen dutse? Ba a ƙona shi. Na mayar wa Uwar Dutse da muke bauta wa abinta, ƙotar tana ɗakinta tun lokacin kaka."

"Ka gaya wa na waje haka?"

"Na gaya musu. Sun ce wa zai taɓa kayan Uwa? Ni ma, yallaɓai, ban san amsar ba."

Matar marigayi, Kinu, tana dafa shinkafar masu zaman makoki lokacin da Sufeto ya durƙusa a bakin kicin.

"Inna, yaushe bindigar ta dawo gida?"

"Ana gobe farauta. Isamu ya shigo da ita."

"Tokuji ya ce tun farkon mako ya sallame ta."

Ta dakata da ludayi. "To, ban san inda ta kwana ba."

"Mai gidan bai duba ta ba?"

"Ya ɗora a kafaɗa, ya ce ta zauna daidai. Idonsa ya yi rauni, ɗana, shi dai ba ya yarda. Na ce ya gwada ta a bayan gida, ya ce harbin banza kafin farauta raini ne ga dutse."

"Isamu ya san ba zai gwada ba?"

"Duk garin nan an sani."

Da rana Sufeto ya nemi Isamu ya raka shi ɗakin Uwar Dutse, tunda baƙo ba ya shiga shi kaɗai. Suka hau cikin ƙanƙara har gwiwa.

"Kai ba ka harbi?" in ji Sufeto, yana haki.

"Makogwaro ne aikina. In yi ihu, beyar ta gudu, Yaya ya harba, a sha giya da sunansa."

"Har abada?"

"Sai ranar da shugaba ya kuskure. Ranar yake sauka. Yaya bai taɓa kuskurewa ba."

Ɗakin ƙarami ne, sai an sunkuya. A jikin bango an jingina ƙotocin da aka ƙi, sun yi ƙura, wasu sun yi furfurar danshi. Guda ɗaya ce ke sheƙi, an shimfiɗa ta a kan farar takarda, ga ɗan kofin giyar shinkafa a gabanta. Sufeto ya ɗauko ta ya kai bakin ƙofa. Jijiyar ta bi wuyan ta miƙe har gindi. A ramukan kusoshi akwai sawun ƙarfe, an taɓa ɗaura ta a bindiga.

Ya sa ta a hammata. "Mu tafi."

"Ajiye ta, yallaɓai."

"Shaida ce."

"Ka ajiye ta, na ce! Ba a fita da kayan Uwa hannu banza. Wannan fansa ce, an riga an..."

Ya katse maganar. Ruwa na ɗiga daga rufin.

"Fansar me, Isamu?"

Isamu ya durƙushe a bakin ƙofa.

"Na ɗauki tata mai aibin na ɗaura wa Yaya, dole in bar mata wadda ta fi. In ba haka ba garin duka zai ɗauki fushinta." Ya share fuska da hannun riga. "So nake ya kuskure, sau ɗaya kawai, ya sauka in hau. Na ɗauka beyar za ta ji ƙara ta juya, kullum juyawa suke yi. Gashina ya yi fari ina ihu a bayan wani, yallaɓai. Jikokina Baba Mai Ihu suke ce mini."

"Ka bar su za su ƙona Tokuji."

"Da zan yi magana."

"Yaushe?"

Sufeto ya sa masa ankwa. Isamu ya roƙi abu ɗaya, a bar wuƙarsa ta farauta a kan takardar a madadin ƙotar. Sufeto ya zare ta ya ajiye.

Da suka sauko, maharban suka ga ankwa, suka ga ƙotar, suka dare gefe biyu, kowa na kallon takalminsa. Sufeto ya leƙa ta fasasshiyar tagar.

"Tokuji, fito. Babu mai taɓa ka."

Daga ciki muryar ta zo a hankali. "In fito in gaisa da wa, yallaɓai? Da masu kananzir?"

Sufeto ya ja Isamu suka nufi ɗakin ajiyar shinkafa na ƙauye, shi kaɗai ne mai kwaɗo, inda su biyun za su zauna har a buɗe hanya.