Jitar Awaisu a Cikin Irin Masara

Ƙusar tana nan a bango, amma jitar babu.

Barakatu ta tsaya a shagon mijinta Awaisu, a gidansu na garin Tsiga, tana kallon wurin. Tun ranar da haɗarin babur ya ɗauke shi a hanyar Funtua aka rufe shagon, sai yau da ta fita takaba aka buɗe. Ga mota a ƙofar gida za ta mai da ita Bakori wurin iyayenta. Ba ta nemi komai cikin kayansa ba sai wannan jitar.

"Wai jita kike nema?"

Jamila ce, 'yar ƙanwar surukarta Inna Kulu, wadda tun farko ita aka so Awaisu ya aura.

"Da idona na ga Inna ta shiga madafi da ita. Kin dai san abin da ake yi da itace a madafi..."



Dama Inna ba ta taɓa son jitar ba. "Manomi na haifa, ba maroƙi ba!" take cewa. Da ta ji yarinyar Bakori tana son kiɗan, sai ta ce ita ke zuga shi. Da ƙyar aka yi auren.

Barakatu ta tuna yammacin da ya fara ɗora mata jitar a cinya, ƙasar gona ko wankewa bai yi ba.

"Ba kiɗa za ki fara koya ba, amaryata. Saiti tukuna. Danna babbar tsirkiya a gaɓa ta biyar. Kaɗa ta, ki kaɗa ta ƙasanta. Me kika ji?"

"Kamar suna rawar sanyi."

"Faɗa suke yi. Murɗa kunnen a hankali har su shirya. In kin wuce, sassauta ki sake hawa. Kar ki ja da ƙarfi, tsinkewa za ta yi."

"To ita babbar fa, da wa ake gwada ta?"

Ya yi dariya, ya nuna cikin gida da baki, inda Inna ke tankaɗe tana 'yar waƙarta da baki a rufe.

"Da muryar Inna. Kar ki faɗa mata, ta kore mu duka!"

Barakatu ta share ido ta nufi madafi.

Inna na zaune gaban murhu. Awaisu ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ko ranar jana'iza ba wanda ya ga hawayenta.

"Inna... kin ƙona ta?"

Tsohuwar ta ɗaga kai ta kalli sama.

Can a jikin azara, tsakiyar damman irin masarar da za a shuka baɗi, jitar ce a rataye. Hayaƙi ya yi mata baƙi.

Barakatu ta sauko da ita. Tsirkiyoyin duk sun saki.

"Inna, ai zafi ɓata ta yake yi."

"Ni na sani, 'yar nan? Abin da ba na so gara ta ci, nan nake rataye shi." Ta gyara itacen murhu. "Ta mutu ke nan?"

Barakatu ta zauna a kan turmi, ta goge jitar da bakin zanenta. Ta kama kunnen babbar tsirkiya, sai ta tsaya.

"Ba zan iya ni kaɗai ba. Da muryarki yake gwada wannan."

"Muryata?"

"Waƙar da kike yi in kina tankaɗe."

"Yaron nan..." Inna ta girgiza kai. "Duk faɗan da nake yi, ashe da ni ake kiɗan?"

 Sannan ta jawo rariya, ta zuba gari, ta fara waƙar.

Barakatu ta kaɗa, ta murɗa a hankali. Ta wuce, ta sassauta, ta sake hawa. Tsirkiyar ta yi ta rawa kusa da muryar tsohuwa, har suka haɗu suka zama abu guda. Daga nan ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama sai ta shafa su gaba ɗaya da babban yatsa.

Amon da ya saba cika gidan ya tashi a madafi.

Rariyar ta tsaya.

"Awaisu..." in ji Inna.

Suka yi kuka tare, ba wanda ya rarrashi wani.

Direba ya danna hon a waje. Inna ta fyace hanci da gefen gyalenta.

"Ɗauki ki tafi da ita. Wai takan sake saki?"

"Kullum, Inna. Musamman da damina."

"To kin san hanyar Tsiga."