Ɗakin Maigadi

Tebur ta zo nema ranar da ta fara shiga shagonsa. Tela ce, 'yar gajeruwa, duk teburin yanka da ta saya sai ya yi mata tsawo, har kafaɗunta na ciwo.

Kafintan ya ɗauko tef, ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta. Sai da ya sake awon don ya tabbatar.

"Malam, riga za ka ɗinka mini ne?"

Ya kasa haɗa ido da ita. Daga ranar dai zance ya ƙullu, yana ce mata Guntuwa, tana ce masa Oga.

A bayan shagon akwai wani ɗan mitsitsin gida na katako da kwano. Shi ya gina abinsa da haya ta ishe shi. Gadon naɗewa yake ya jingina da bango, kicin ɗin kuwa lungu guda ne. Yana ƙaunar gidan nan kamar me. Amma ranar da ta leƙa ta taga ta ce, "Kai! Wa ke zaune a wannan ɗan akurkin?" sai kunya ta rufe shi.

"Maigadi ne," bakinsa ya suɓuce.

Bawan Allah, ƙaryar nan ta hana shi sakat.

A gidan su Guntuwa kuwa Mama ta kafe. "Kafinta? A durowa zai ajiye ki? Ga ɗan ƙawata can da gidan sama, ko na haya ne ai ya cika ido." Baba ya ce shi sai ya ga mazauni tukuna.

Saƙonta ya shigo: "Oga na, ranar Asabar za mu zo ganin gida da su Baba. Turo kwatance."

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Ƙarshe ya runtse ido ya tura: "Guntuwata, ki yafe mini. Babu wani maigadi. Ni ne."

Shiru. Ko harafi ba ta mayar ba. Ya sa a ransa ya rasa ta ke nan.

Asabar sai ga su. Mama ta tsaya bakin ƙofa tana tafa hannu. "Ikon Allah! Nan ne gidan, ko hanyar shiga?"

Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Guntuwa ba ta ko kalle shi ba. Ta wuce lungun kicin, ta ɗora hannu a kan teburin girki, sai ta tsaya cak. Daidai gwiwar hannunta yake. Ta miƙa hannu ta taɓo kantar sama ba tare da ta yi ɗage ba.

"Maigadin nan tsawonmu ɗaya?" ta tambaya a hankali.

"Satin da kika zo neman tebur na rage musu tsawo," ya ce, kansa a ƙasa. "Tun lokacin a duƙe nake girki."

Idonta ya ciko. "Ba ƙanƙantar gidan ce ta ɓata mini rai ba, Oga. Ƙaryar ce."

"Na sani. Wallahi kunyarki nake ji."

Baba ya ƙwanƙwasa bango, ya jijjiga ƙofa. "Naka ne, yaro?"

"Nawa ne, Baba. Da hannuna na yi."

"To, ku turo manya."

Mama ta yi ta mita har ranar biki. Ƙatuwar durowar da ta saya ta ƙi shiga ƙofa, ango ya yi ta sosa ƙeya, aka kai ta shago amarya ta zuba yadudduka. Da za ta tafi dai, Maman ta share hawaye ta ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Da baƙi suka watse, amarya ta zauna bakin gado tana murmushi.

"Maigadi," ta ce, "rufe mana ƙofar gidanmu."