Ɗigon Bayan Injin Wanki

Rana ta kusa faɗuwa Maman Biyu ta dawo daga shagon kayan famfo da sabon tiyo a hannu, tana hawa bene tana mita. Mai gyara ya ce zai zo da safe, ya koma ya ce da azahar, daga nan wayarsa ta mutu murus. Mutanen nan, Allah dai ya shirye su!

Ita kuwa ba ta da lokacin jira. Injin wankin da suka tarar a gidan kullum cikin ɗiga yake, ruwan yana bin siminti yana tsiyaya a shagon telan da ke ƙasa. Ɗazu da hantsi ya ɓata wa tela yadin mutane, mai gidan haya ya hau da kansa yana huci.

"'Yata, gobe da safe zan dawo," in ji shi. "In na ga ɗigo ɗaya a silin ɗin nan, ku nemi wani wuri."

To ina za ta nufa da jarirai biyu, miji yana can kan hanya da babbar mota sai ƙarshen wata?

Ta shayar da tagwayen, ta kwantar da su a ɗaki, ta gyara ɗaurin zani. Ta zare wuta daga soket, ta jawo injin da ƙyar yana ƙugi a kan tayil. Wari ya buso daga bayansa, na gansakuka da tsohon sabulu, da wani kuma mai ɗumi kamar numfashin dabba. A kusurwa akwai tsaga, faɗin yatsa, ruwa ya mayar da bakinta baƙi ƙirin. Ba ta ko sake kallonta ba.

Ta durƙusa, ta matse zoben ƙarfen da filaya, ta zare tsohon tiyon, sauran ruwan ya zuba a bokiti. Ta cusa sabon, ta mayar da zoben, ta maƙala ɗaya bakin a bututun magudana. Ta goge wurin tas, ta jona wuta. Injin ya cika, ya juya, ya zubar. Ta shafa ƙasa da tafin hannu, babu ko laima.

"Yauwa! Mai gyara ya riƙe gyaransa."

Don murna ta kwaso kayan yara ta zuba, ta sake kunnawa. Injin ya cika da ruwa. Duhun magariba ya fara shigowa ta taga.

Sai ta ji ƙas. Ta saurara. Ƙas, ƙas, irin ƙarar busasshen harshe in ya rabu da ganɗa. Daga tsagar nan take fitowa.

Tsumman da ke hannunta, wanda yanzun nan ta matse, ya sandare ƙamas. Ta leƙa bokiti. Wayam, har gindinsa ya yi fari.

Leɓenta ya tsage. Ta nemi yawu ta haɗiye, babu.

"Wane ne?" ta ce, muryar da ƙyar ta fita.

Sai wata iska mai zafi ta taɓa idon sawunta, da raɗa a cikinta.

"Ina nawa?"

Ta buɗe baki za ta yi addu'a, harshen ya manne.

"Shekara da shekaru ana ba ni. Ina nawa?"

Jiƙaƙƙun sawayenta, na lokacin da ta je kwaso kayan yara, na nan jere a kan tayil, daga injin zuwa ƙofar ɗaki. Tana kallo na farko ya bushe. Na biyu ya bi shi. Na uku.

Ɗakin yara aka nufa.

Tagwayen suka tsala kuka a tare. Kukan ya dushe nan take, ya koma wani kakari mai kaushi.

Sukundireba na gefen ƙafarta. Ta san in ta huda tiyon nan, gida ya tafi. Ta yi jinkiri na numfashi ɗaya, kuma har yau ba ta yafe wa kanta wannan numfashin ba.

Ta caka. Ta zare, ta sake cakawa.

Ruwa ya yi tsartuwa, ya malale ƙasa, kumfa da ɗumi. Wani abu ya wuce ta jikin zaninta da gudu. Ta ji ana lasa, ana zuƙa, ana gurnanin daɗi a kusurwa. Ba ta waiga ba. Ta rarrafa ɗaki, ta suri yaran. Idanunsu sun faɗa, leɓunansu sun yi fari, amma suna numfashi. Ta sauka bene babu takalmi, tela na ta ihu ruwa ya sake saukowa kan kekensa, ko sauraronsa ba ta yi ba.

Kwana biyu suka yi a asibiti ana yi wa yaran ƙarin ruwa. Mai gida bai ko nemi jin ba'asi ba. Ya sa aka fitar da injin aka sayar wa masu gwangwan, ya ba ta mako guda ta kwashe kayanta. Wallahi ko roƙonsa ba ta yi ba.

Ranar da ta zo ɗaukar kayan ƙarshe, ta ci karo da sabuwar mai haya a bakin bene, yarinya ce ɗanya shakaf da tsohon ciki. Maman Biyu ta wuce, ta kasa, ta dawo ta riƙo hannunta.

"Ƙanwata, don girman Allah, famfon wurin wankin nan, ki riƙa barinsa yana ɗiga. Ko kaɗan ne."

Yarinyar ta yi dariya har da dafa ciki.

"Haba Yaya, a gidan wa? Ai maigidana gyaran famfo ne sana'arsa. Tun jiya ya bi gidan kaf ya ɗaure, ɗigo ɗaya ba ya bari."