Ƙaguwa Mai Jan Hannu

A garinmu na bakin teku a Baja akwai wata yarinya mai yawan mafarkin ido biyu. In ruwa ya janye, sai ta zauna kan duwatsu tana kallon ƙananan ƙaguwoyi. A ganinta rawa suke yi, teku na yi musu kiɗa.

Akwai wata mai jan hannu ɗaya da ta fi so. Gudu gare ta kamar iska.

Rannan ta ce sai ta kama ta. Ƙaguwa ta shige ƙarƙashin dutse, yarinya ta kifar da shi. Ta shige wani, ta kifar. Da ta gaji sai ta tafi gida, ta bar duwatsun a kife. Alhali kowane yaro a garinmu ya san in ka ɗaga dutse, sai ka mayar da shi yadda yake.

Da safe ta dawo tare da kakarta, Chayo. Rana ta busar da cikin duwatsun. Ga mai jan hannu kwance, ko motsi ba ta yi.

Yarinya ta fashe da kuka. "Kaka, ni na kashe ta."

Kaka ta ɗaga ƙaguwar, ta leƙa. "Ke dai da saurin kuka. Duba, ba kowa a ciki. Tsohuwar rigarta ce ta tuɓe."

"To ina take?"

"Tana kusa. Amma yau jikinta laushi, ba ta iya gudu. Kin kuma rushe mata gida."

Kaka ta nuna sama. Wani farin tsuntsun teku yana ta shawagi. Yarinya ta gane ƙaguwar yake nema, ta shiga dube-dube.

Can ta hango ta a wani ɗan tsagi, rabin jikinta a waje. Yarinya ta kare ta da hularta. Sannan ta shiga mayar da duwatsun a hankali, kowane a gurbinsa.

Ƙaguwa ta fito. Mai gudun nan yau tafiya take kamar tsohuwa. Ta lallaɓa ta shige ƙarƙashin dutse, tsuntsu ya gaji ya wuce.

"Yau ko ni zan tsere mata," in ji Kaka.

Yarinya ta yi dariya, tana share hawaye. Ta gane cewa abin da take kira dutse, gidan wani ne, kuma in kana son abu ba ka rushe masa gida.

Bayan 'yan kwanaki ta sake ganin jan hannun nan. Kafin ta ce "Sannu," har ya ɓace.