Kaiwa Daban, Shiga Daban

Ranar Lahadi, tara ga Maris, da ƙarfe huɗu na yamma aka fara wannan zalunci, a falon su Auta, tsohuwar ɗalibata wadda yanzu nas ce. Ina wurin. Dangin Makaniki, saurayinta na shekara uku, sun zo maganar aure, sai baffansa ya dire kofin shayi.

"An fasa! Da idona na ga yarinyar nan a coci yau da safe."

Auta ta fito daga bayan labule. "Baffa, Mama Tela na kai—"

"Wa ye baffanki? Je ki can ki nemi baffa!"

Mama Tela maƙwabciyarsu ce, Kirista. Ita ta goya Auta bayan rasuwar mahaifiyarta, ita ta ɗinka mata hijabin farko, ita ke korarta Islamiyya idan ta yi lalaci. Yanzu ƙafafunta sun mutu. Duk Lahadi Auta ke tura kekenta zuwa ƙofar coci, ta zauna a bencin waje har a tashi.

Na ce, "Alhaji, shekara talatin da biyar ina koyarwa. Kaiwa daban, shiga daban." Ya ce in riƙe nahawuna.

Da labari ya kai ga Mama Tela, ta fashe da kuka. "Bar ni a gida, 'yata, kada ki rasa miji saboda ni."

"Wallahi Mama, ko zan tsufa a ɗakina, ba za ki fasa ibadarki ba."

Wata biyar Auta na turawa, unguwa na nuna ta da baki. Wata Lahadi tayar keken ta cire a titi. Sai ga Makaniki ya durƙusa da sifana.

"Wannan taya ta gaji, Mama."

"Kai fa, ango mai gudu?"

"Ni ma na gaji da tsoron Baffa. Matsa, Auta, yau ni ne direba!"

Mahaifinsa ya bincika, ya ga gaskiya, aka ɗaura aure. Yara, ku riƙe wannan: kyautata wa mai wani addini ba ya rage naka.

Amma Baffa har yau bai ce uffan ba. A gaban mutum goma sha ɗaya ya ɓata sunan yarinyar nan. Ina neman ya tara su a falon nan, da Mama Tela a kekenta, ya miƙe tsaye ya nemi gafarar Auta da Mama Tela, da muryar da ya ce an fasa.